Ɗan Ruwa Biyu Ya Yi Daraja

A Ingila, da can idan karya ta tsallake katanga ta dawo da ciki, kyauta ake rabar da 'ya'yan, har a yi wa mai karɓa godiya. Yanzu da gangan ake haɗa auren. Uwa Cocker Spaniel, uba Poodle, ɗa Cockapoo. Lokacin kullen korona a 2020, kwikwiyo ɗaya sai da ya haura fam 2,000. Mai saye kan bi layi, ya ba da kafin alƙalami tun hajar tana ciki. An tabbatar masa gashin ba ya zuba. Shi dai kwikwiyon ba wanda ya sanar da shi, yana ta zubarwa a kan kujera. Ga kuma kuɗin aski duk wata biyu, wanda ya ninka na maigidan.