Nazari a Kan Tafiyar Karo-Karo: Yadda Ayarin Kankiya da Kusada Ya Nemi Tsibiri a Ƙasar Katsina

Tafiyar karo-karo, a ma'anar da masu yin ta suka ba ta, ita ce tafiyar da jama'a suke haɗa kuɗi daidai wa daida su ɗauki shatar mota guda, wato su yi hayarta ita da direbanta, domin su je inda babu ɗayansu da aljihunsa zai kai shi shi kaɗai. Mutum uku ne suke riƙe da ita: shugaba, wanda aikinsa shi ne tsara abin da ba zai yiwu ba, da ma'aji, wanda aikinsa shi ne hana abin da zai yiwu, sai kuma direba, wanda ba a gayyatarsa taro ko ɗaya, amma a ƙarshe abin da ya yanke shi ake yi. Sauran jama'ar ayari sun biya kuɗinsu, saboda haka kowannensu yana ganin motar tasa ce.

Ƙasar da ta yi suna a yawon tsallake-tsallaken tsibirai ita ce Girka, mai dubban tsibirai waɗanda fiye da 200 daga cikinsu akwai mutane zaune a kansu, wadda kuma baƙi sama da miliyan 30 suka shige ta a 2023 kaɗai. Ɗalibai da masu ƙaramin ƙarfi sukan fara da birnin Atens, su hau dutsen Akrofolis su ga Fartenon, wurin bautar da aka gina tsakanin shekarar 447 da ta 432 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), daga nan su gangara tashar jiragen ruwa ta Firayus su yanki tikiti mafi arha, wanda ba ya ba mutum ɗaki ko gado sai dai wurin da zai shimfiɗa jakarsa. Da haka suke tsallakawa daga wannan tsibiri zuwa wancan, su kwana a Mikonos, su wayi gari su leƙa kufan Delos, inda ba a yarda baƙo ya kwana ba, su dawo kafin dare. Babban abokin gabarsu shi ne meltemi, wata iskar arewa da take tasowa lokacin zafi, wadda idan ta yi ƙarfi jirage ba sa fita, sai tsarin mako guda ya wargaje a rana ɗaya.

Hotunan wannan yawo ne suka iso wayar sakataren wata ƙungiyar malaman makaranta ta Kankiya da Kusada ta hanyar Facebook, shi kuma ya kawo maganar taron wata-wata a ƙarƙashin babin "sauran batutuwa". Bayan da ma'aji ya lissafa kuɗin fasfo da biza da jirgin sama a bayan takardar ajanda, ya kuma karanta jimillar a bainar jama'a, sai aka yi ittifaƙi cewa Girka ta fi kyau a neme ta a gida. Malamin tarihi ya kafa hujja da cewa ƙasar Katsina ba ta rasa kufai ba: akwai hasumiyar Gobarau a cikin birni, akwai kaburburan Durɓi Takusheyi a ƙasar Mani, akwai rijiyar Kusugu a Daura, inda labarin gargajiya ya ce Bayajidda ya kashe macijin da yake hana mutane ɗibar ruwa sai ranar Juma'a. Matsalar tsibiri ce ta rage, domin tun da aka ƙirƙiri jihar a ranar 23 ga Satumba, 1987, ba a ba ta teku ba. A nan malamin labarin ƙasa ya miƙe ya tunatar da taron cewa tsibiri, a ilmance, ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina, kuma babu littafin da ya ƙayyade yawan ruwan ko girman ƙasar, don haka duk madatsar ruwa tana iya haifar da tsibiri idan rani ya yi rani. An ambaci madatsar Zoɓe da ke kusa da Dutsinma, wadda aka kammala a 1983, da ta Jibiya, amma dattawan ƙungiya suka soke su biyun saboda yanayin tsaron hanya, aka tsaya a kan ta Ajiwa. Jadawalin da shugaba ya rubuta ya ce za a bar Kankiya bayan sallar asuba, a ga Katsina da hantsi, a ga tsibiri kafin azahar, a ga Durɓi Takusheyi kafin la'asar, a sha ruwan Kusugu kafin magariba, a kwana a gida.

An tara kuɗin ne cikin watanni, kuma kafin a gama tarawa aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, lita ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta yadda abin da aka tara domin doguwar mota mai sanyi ya koma kuɗin wata tsohuwar Toyota Hiace wadda ƙofarta ba ta buɗuwa sai yaron mota ya ɗaga ta da kafaɗa. An rubuta mata mutum goma sha huɗu a jiki, direba ya ce tana ɗaukar goma sha takwas, ma'aji kuwa ya sayar da kujera ashirin da ɗaya domin a rage wa kowa nauyi. Mai wannan nazari, wanda aka ba shi wurin zama a kan murfin injin, yana iya shaidawa cewa zafin injin Hiace yana ratsa wando da shadda da sallaya mai ninki biyu. Sauran filin da ya rage jarkoki ne suka cinye shi, domin da zarar labari ya bazu cewa za a je Kusugu, babu goggo ko suruka a garuruwan biyu da ba ta aiko da jarkarta a ɗebo mata ruwan rijiyar ba.

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne abin da ya faru tsakanin Kankiya da Katsina, tazarar da ba ta wuce kimanin kilomita 60 ba, wadda motar haya take cinyewa cikin awa guda. Masu tsara tafiya sun ɗauka cewa tsibiri sai a ruwa, alhali tsibiran Bahaushe gidajen 'yan'uwa ne, suna nan jere a bakin kowace hanya, kuma babu jirgin da yake wuce ɗaya bai yada zango ba. Ayarin bai bar Kankiya ba sai da hantsi ya dubi ludayi, saboda mutanen Kusada sun ce an ce musu "bayan asuba", kuma a fahimtarsu duk lokacin da ya biyo bayan asuba bayan asuba ne. A Charanchi mataimakin shugaba ya tuna an yi wa aminin mahaifinsa rasuwa, ya dafa kafaɗar direba ya ce, "Baba direba, ai ba a wuce gidan makoki, minti biyar ne." Minti biyar ɗin gidan makoki kuwa ya ƙunshi gaisuwa layi-layi, da addu'a, da jiran babban ɗan mamaci wanda ya zaga yanzu zai dawo, da fura wadda ƙin shan ta cin fuska ne. A ƙasar Rimi aka tsaya barkar haihuwa, inda aka tarar an ɗora sanwa, mai gidan ya rantse ba za a tafi ba a ci ba, ma'aji kuwa, wanda ya ga damar tsira da kuɗin abincin rana, ya goyi bayan rantsuwar da ƙarfinsa. A Batagarawa sakatare ya ce surukinsa yana zaune ne a bakin titi, idan ya hangi motar ta wuce to auren yana cikin haɗari. Babu wanda ya iya musa wa wani, domin kowa yana da nasa gidan a gaba, kuma wanda ya hana yau shi za a hana gobe. Meltemi tana tsayar da jirgi kwana ɗaya ko biyu ta lafa, amma ba a taɓa jin ranar da zumunci ya lafa ba.

Ana kiran la'asar ayarin ya shiga Katsina. Hasumiyar Gobarau ginin ƙasa ce mai tsawon kimanin ƙafa 50, wadda ake danganta ta da zamanin Sarki Muhammadu Korau a ƙarni na 15, lokacin da take ɓangaren babban masallacin birni, ana kiran salla a kanta ana kuma hangen mahara daga nesa. Malamin tarihi, wanda aka naɗa ɗan jagora kyauta domin kada a ba wani na goro, ya fara bayani daga zuwan Shehu Magili Katsina a ƙarshen ƙarnin na 15, bai kai ga hasumiyar kanta ba aka lura rabin masu sauraro sun bi wani mai tsire. Daga nan aka nufi tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, wadda tsohon gininta a yau gidan adana kayan tarihi ne, sai aka tarar ma'aikata sun tashi a kan lokacinsu, kamar yadda ya kamata. An ɗauki hoto a gaban ƙofa, aka kuma rubuta a littafin rahoto cewa an ziyarta. Tun da babu kuɗin masauki a kasafi, sai aka sauka a zauren kawun ma'aji, aka yi matashin kai da jarkoki.

Washegari aka nufi Ajiwa, madatsar da take shayar da birnin Katsina. Bayan dogon bincike da idanu, malamin labarin ƙasa ya nuna wani tudun yashi can cikin ruwa, wanda faɗinsa bai fi tabarma huɗu ba, da balbela biyu a kansa, ya ayyana shi a matsayin tsibiri. Wani masunci ya yi tayin kai su a kwale-kwalensa uku-uku, amma ma'aji ya ji kuɗin, ya dubi ruwan, ya yanke hukuncin cewa bai wuce gwiwa ba. Hukuncin nasa daidai ne a game da ruwan, sai dai bai sa taɓon da yake ƙarƙashinsa a lissafi ba. Shugaba ne ya shige gaba, babbar riga a naɗe a kafaɗa, hular zanna a karkace, a taku na shida ya nutse har cinya, da aka zaro shi kuwa sai aka zaro shi ba takalmi. Waɗanda suka shiga ceton shugaba su ma sai da aka cece su. A ƙarshe masuncin nan ne ya kwaso su ɗaya bayan ɗaya, a kan farashin da ya ninka na farko, yana ta faɗin, "Sannunku malamai, ai da kun tambaya." Mutum huɗu ne suka taka tsibirin, kuma da yake tsarin Girkawa yana buƙatar tsallakawa daga tsibiri zuwa tsibiri, sai suka yi tsalle daga wannan gefen tudun zuwa wancan domin sakatare ya samu abin rubutawa.

Durɓi Takusheyi, wadda take kimanin kilomita 30 gabas da Katsina, maƙabartar sarakunan farko ce na ƙasar, kuma abin da ido yake gani a wurin manyan tuddan ƙasa ne da aka tara a kan kaburbura. Baturen mulkin mallaka H. R. Palmer ya tona wasu a 1907, sannan a 1992 masana daga Jamus tare da hukumar kula da kayan tarihi ta Nijeriya suka tona wasu, aka samu mundaye na hauren giwa da kayan ado na zinariya da tagulla da tasoshin da suka fito daga ƙasashen Gabas, aka kai su birnin Mainz domin gyara da nazari. Ayarin ya iso wurin kashi biyu, masu takalmi da marasa takalmi, kuma ƙaya ta hana kashi na biyu sauka daga mota. Masu takalmin suka zagaya tuddan, ɗayansu ya tambayi malamin tarihi ina zinariyar take, da aka ce masa ai ba a barin irin wannan kaya a daji, sai ya nemi a rubuta cewa shi an yaudare shi, domin irin wannan tudun akwai shi a bayan gonarsu a Kusada. Malamin ya lallashe shi da cewa masu zuwa Atens ma haka suke yi, domin babban kaso na sassaƙen Fartenon yana Landan tun farkon ƙarni na 19, kuma har yau Girkawa suna neman a mayar musu.

Ba a kai Daura ba. Kafin a fita ƙasar Mani lagireto ya tafasa, fambel ya tsinke, abin da ya rage a jakar ma'aji ya tafi ga bakanike da 'yan bumburutu, wato masu sayar da mai a galan a bakin hanya, direba kuma ya juya kan motar gida ba tare da ya nemi ra'ayin kwamiti ba. Saura batun jarkoki, wanda a kansa aka yi taron gaggawa a gindin wata bishiyar maina, aka amince ba hamayya cewa ruwan ƙarƙashin ƙasa duk a haɗe yake daga Mani har Daura, ra'ayin da malamin labarin ƙasa ya ce kimiyya ba ta kore shi gaba ɗaya ba. Aka cika su a famfon burtsatse na wani ƙauye.

A rahoton da ma'aji ya gabatar a taron watan da ya biyo baya, ƙungiya ce take bin kowane mamba cikon kuɗi, shugaba yana bin ƙungiya takalmi, masuncin Ajiwa kuma yana bin ta kuɗin mutum biyu. An kafa kwamitin mutum biyar domin tsara tafiya ta biyu. Goggon sakatare, wadda ta ce ruwan Kusugu ya raba ta da ciwon gwiwa, tuni ta aiko da jarka uku.