Bajamushen da ke cikin injin ban-ruwanku

Na san abin da za ku ce, mutanen Kura da Bunkure: "Malam, tumatir na ruɓewa a Kwanar Gafan, ka zo mana da labarin wani Bajamushe?" A yi haƙuri, Alhaji, a sauke kwandon tukuna. Sunansa Arnold Sommerfeld, haifaffen 1868, kuma kun daɗe kuna cin moriyarsa ba ko na gode.

Injin da kuke tayarwa tun asuba, me ya hana ƙarfen da ke juyawa a cikinsa cinye ɗan'uwansa? Mai. Za ku ce wannan kowane bakanike ya sani. Haka ne, amma a 1904, lokacin yana koyarwa a Aachen, shi ya zauna ya lissafa yadda ɗan siririn man nan yake tallafe nauyin ƙarfe, har yau injiniyoyi na aiki da wata lamba mai sunansa. Ku kuwa sai man ya yi baƙi ƙirin, injin ya fara tari, sannan a tuna da juye.

Wannan somin-taɓi ne. A 1906 ya koma Munich, ya duƙufa kan ƙwayar zarra. Wani masani mai suna Niels Bohr ya ce ƙwayoyin lantarki na kewaya cibiyarta a da'ira. A 1916 Sommerfeld ya ce hanyar kan ɗauki siffar ƙwai, lissafi ya ƙara zama daidai.

Amma babban aikinsa yaye ɗalibai. Heisenberg, Pauli, Debye, Bethe, duk a gabansa suka durƙusa, duk sun ci kyautar Nobel. Shi fa? Sau 84 aka gabatar da sunansa, bai samu ba har mota ta buge shi ya rasu a 1951.

Ina jiyo dariyarku: "Ashe malamin ne bai iya ba!" Haba Baba. Ruwan Tiga ke shayar da Kadawa tun shekarun 1970, amma ka taɓa jin dillali ya yabi dam? Tumatir ake yabo, da mai gona.

Kai kuma saurayin da ke can baya yana cewa duk tatsuniyar 'yan boko ce: faifan solar da ka kafa wa famfonka, da ilimin da su Sommerfeld suka ɗora aka gano yadda zai mai da hasken rana lantarki. In ba ka yarda ba, cire shi ka koma wa fetur. Nawa lita yau a Kura?