Yadda Ake Ƙirga Tsuntsaye a Tabotaki Ba Tare da An Sa Kajin Inna a Lissafi Ba

Duk watan Fabrairu, mutane a ƙasashe da dama sukan ware kwana huɗu su ƙirga tsuntsayen da ke kewayen gidajensu. A Amurka aka soma a 1998, a 2013 aka buɗe wa duniya baki ɗaya. Sharaɗin ba wuya: ka zauna aƙalla minti 15, ka rubuta abin da ka gani, ka tura ta manhajar eBird ta masanan tsuntsaye na Jami'ar Cornell. Mu mutanen Adar, da ke gane tsuntsu tun daga kukansa, bai kamata a yi wannan babu mu ba. Ga yadda za ka yi.

Zaɓi wurin zama. Bayan sallar asuba, nemi gindin rumbu, ko inda mata suka yi sheƙa jiya, ko bakin rijiya inda ruwa ke kwanciya. Can tsuntsaye ke karya kumallo. Kada ka zauna a fada. Kafin a sauke shayin farko an ɓarke da gardamar kokawa, ko hankaka ba zai tsaya ba.

Na gida ba sa ciki. Kaji, zabbi, agwagi da tattabarun ɗaki duk a bar su. Inna za ta leƙo ta ce, "Kai ɗan nan, ka wuce zakarana ba ka rubuta ba?" Ka rusuna ka ce, "Inna, ai shi yana da mai shi, marasa galihu ake nema." Jemage ma a sallame shi da girma: yana tashi, amma shayarwa yake yi.

Karɓe danƙon yara. Tsuntsun da ya shiga tukunya ya fita daga ƙidaya. Amma kada ka kore su, don sun fi ka ido. Su za su nuna maka baiwar Allah, ƴar jar nan da ke tsince-tsince har cikin madafa, da cilakowa a kan gawo, da alhudahuda mai tukku yana caccakar ƙasa.

Kada ka ƙirga ɗaya sau biyu. Kurciya za ta sauka, ta tashi, ta zagaya bayan katanga ta dawo da sabuwar sallama. Ita ce dai. Idan ka yi shakka, rubuta adadin da ka gani tare a lokaci guda. In kuwa garken jan-baki ne ya taso, ƙirga goma, ka dubi faɗin da suka ci, ka auna sauran da shi, kamar yadda dillalin albasa a Madawa ke kallon tsibi ya faɗi buhu nawa ne.

Kada ka rubuta shamuwa don kunya. Gaskiya ne sheƙarta na bisa iccen ƙofar gidanku, amma a Fabrairu ta tafi ci-rani kudancin Afirka, sai gab da damina za ta dawo. Wanda ba ya nan ba a yi masa rajista. Ka lura dai da baƙin hunturu: ɗan tsuntsun nan mai rawayan ciki da ke kaɗa wutsiya yana bin shanu a fadama, daga Turai yake, ya ƙetaro Sahara da fukafukansa. Ya cancanci layinsa a takarda.

Rashi ma labari ne. Tambayi dattawa yawan ungulun da ke sauka a mahauta ranar kasuwa a zamaninsu, sannan ka ɗaga kai ka duba yau. Tun 2015 aka sa ungulun gari cikin jerin tsuntsayen da ke daf da ƙarewa a duniya. Idan ka gama zamanka ba ka ga ko ɗaya ba, kada ka cike gurbin da ƙarya. Ka nuna a manhajar cewa duk abin da ka gane ka rubuta, masana za su karanta rashin.

Tura. In hanyar sadarwa ta ƙi, rubuta a takarda da rana, lokaci da wuri, ka shigar daga baya. Wanda ba ka gane ba, ɗauki hotonsa ko kukansa da salula, manhajar Merlin na iya taimakawa.

Tun 1975 iyayenmu suka jera dogon yaro a kwarin Majiya don tare iska, daga 1984 kuma aikin Keita ya farfaɗo da tuddai da ƙoramu. An auna itatuwa, an auna amfanin gona. Tsuntsayen da suka samu masauki a cikinsu, mu ne kusa da su, mu ya kamata mu ba da shaida. Ka ja ƙanenka da maƙwabcinka, kowa ya kama kusurwarsa, a ga sunan garinmu Tabotaki a ƙidayar bana.