Sati Uku a Landan

A wannan yanki namu na Makarfi, Ikara da Kudan, kowace tafiya da irin tsarabarta. Wanda ya je Makka ya dawo Alhaji, in da hali har da haƙori. Wanda ya je cirani Kurmi ya dawo da babur da 'yan kalmomin Yarbanci, galibi na faɗa. Amma wanda ya je Landan, ko da sati uku kacal ya yi, hancinsa ne ke karɓe aikin bakinsa. Ya tafi yana magana irin ta mutane, ya dawo sai ka matso ka ce "na'am?" sau biyu kafin ka gane ruwan sha yake nema.

Abin da ake yayi yanzu shi ne rangadin karatu. Yaro yana koyon zanen gine-gine a jami'a, sai a ce akwai tafiya Ingila don ɗalibai su ga ginin Turawa da idonsu, su kuma san al'adun mutanen. Ba ni da ja a kan wannan. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921, ya gana da Sarki George na Biyar, ya dawo da rawaninsa yadda ya naɗa shi. Abubakar Imam ya je a 1943 cikin ayarin 'yan jarida, ya dawo ya rubuta littafi sukutum a kan abin da ya gani. Namu na yau kuwa waya suke cikowa da hotuna.

Mu ɗauki ɗaya daga cikinsu, ɗan wani Alhaji a Nasarawan Doya, wanda tun yana aji biyu gari ya naɗa shi Injiniya. Ba sai an kama suna ba, kowace unguwa da nata. Kuɗin jirgi da biza da masauki gonar rake ce ta biya, an sayar da na bana tun yana tsaye, an ci bashi a kan na baɗi. Ranar tashi aka yi sauka, aka yi sadakar waina, kakarsa Iya ta ƙulla masa kuka da daddawa da yaji, Kawu ya aiko da kilishi. Kilishin nan dai bai ga cikin Landan ba, domin dokar ƙasar ta hana matafiyi daga irin ƙasashenmu shiga da nama. Har gobe Kawu yana nan a kan bakansa cewa ma'aikatan filin jirgi ne suka rabe abinsu, "don ai su ma sun san daɗi."

Kwana biyu da sauka, hotuna suka fara kwarara a WhatsApp. Ga shi a gaban jar rumfar tarho, da wayoyi biyu a hannu ɗaya. Ga shi a ƙofar Fadar Bakingham mai ɗakuna 775, ya dafa ƙarfen shinge irin dafawar wanda aka yi wa iso yake jiran a buɗe. Ga shi a kan gadar nan mai hasumiya biyu da aka buɗe a 1894, ya rubuta a ƙasa cewa ita ce Gadar Landan. Ba ita ba ce. Tsohuwar Gadar Landan ma tun 1968 aka sayar wa wani attajirin Amurka, ya kwashe duwatsunta ya sake harhaɗa ta a jihar Arizona. Amma wa zai gyara wa Injiniya? Iya ta sa an tura hoton ga dangi har na Kano, da saƙon murya: "Ku ga gadar da su maigidana suka gina."

Sai dawowa. Ya sauka a tasha cikin watan Afrilu da kwat mai nauyi da wani mayani a wuya, ana zafin da kadangare ma inuwa yake nema. Ya iske Kawu a kan dakali, maimakon ya durƙusa sai ya ɗaga masa yatsu biyu. Da safe ya je wurin mai shayi ya ce shi ba ya shan sukari, a garin da rake ya kai shi Landan ya dawo da shi. Ya yi ta ba majalisa labarin yadda Bature ke buɗe hira da zancen yanayi, kamar mu da muke tambayar "yaya sanyi?" da "yaya ruwa?" tun kaka da kakanni ba mu taɓa ji ba. Abin da ya fi burge shi, in ji shi, bin layi da cika alkawarin lokaci. Ya yi laccar wannan sosai. Washegari ana rabon taki, ya wuce mutum arba'in ya tsaya a gaba, aka yi magana ya juyo ya ce, "Kun san ko ni wane ne?" Walimar da aka shirya masa ta ƙarfe huɗu kuwa, ana kiran magariba ya iso.

Duk wannan mai sauƙi ne, hanci yakan warke cikin wata uku. Ciwon da ba ya warkewa shi ne wanda aka zuba wa siminti.

Alhaji ya ce tun da an kashe kuɗi, sai a mori ilmi: Injiniya ya zana wa gida sabon fasali. Aka rushe zaure da soron tsakiya, aka kira tsohon maginin unguwa ya duba takarda. Tsoho ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya nuna rufin da ya yi tsini ya fi ɗakin kansa tsawo.

"Ɗana, wannan tulin kwanon fa, wa zai zauna a cikinsa?"

"Baba, haka ake yi a can. Don ƙanƙara ta riƙa zamewa."

"To, Allah ya kawo ta lafiya. Wannan bututun kuma na sama?"

"Na hayaƙi ne, Baba. Murhun ɗumama falo."

"Falon namu ne za a ɗumama?"

Tsoho bai ƙara cewa komai ba, sai ya tambayi inda za a sa indararo, aka ce babu, ya tambayi inda baƙo zai tsaya ya yi sallama, aka ce ai akwai ƙararrawa. Ya naɗe tabarmarsa. Aka ɗauko birkiloli matasa daga Zariya.

Gida ya tashi, kuma a gaskiya daga bakin titi abin kallo ne. Gabansa gilashi ne tun daga ƙasa har sama, yana fuskantar yamma, don haka daga azahar zuwa la'asar sakaliya falon nan kamar tandar mai gurasa yake. Kicin ba shi da bango tsakaninsa da falo, wai zamani. Ranar farko da Inna ta jefa daddawa a miya, baƙin Alhaji na zaune, aka gane cewa zamanin nan bai yi shawara da daddawa ba. Ga kuma matan gida da ba su da inda za su ɓuya in an yi baƙi maza. Ba a yi sati ba murhu ya koma bayan gida, ƙarƙashin rumfar kara. An sa bahon wanka na kwanciya a garin da ruwa sai an je rijiya ko an jira 'yan garuwa, yanzu albasa ake ajiyewa a ciki, kuma an shaida tana daɗewa ba ta ruɓe ba. Ciyawar da aka shuka a ƙofar gida don ado, awakin unguwa sun yi godiya. Na'urar sanyaya ɗaki tana nan maƙale a bango tana jiran wuta, janareta yana jiran mai. Da bazara ta kama, iyali duka a tsakar gida suke kwana. Shi kuwa Injiniya, in rana ta take, ka neme shi a ɗakin Iya na ƙasa, wanda ta ce sai dai a rushe shi da ita a ciki. Nan yake zuwa ya miƙe, wai ya zo gaishe ta. "Kai da ka yi mini kishiya da gilashi," in ji ta, "me kuma ya dawo da kai?"

Abin takaici, Landan ɗin ma ta nuna masa darasin, bai ɗaga kai daga waya ba ne. A 2013 wani dogon benen gilashi mai lanƙwasa a titin Fenchurch ya tattara hasken rana ya narkar da wani sashen motar Jaguar da aka ajiye a ƙasa, har wani ɗan jarida ya soya ƙwai a wurin. Sai da aka yi wa benen rumfa. A Landan ke nan, inda rana take fitowa da jin kunya. Ranar 19 ga Yulin 2022 zafi ya wuce digiri 40 a Ingila karo na farko a tarihi, aka rufe wasu makarantu, jiragen ƙasa suka tsaya, domin gidajensu an yi su ne don su riƙe ɗumi kada ya fita. Abin da ya ba su tsoro na kwana biyu, mu shi ne Afrilunmu. Da Injiniya ya gangara yankin Debon kuma, da ya ga gidajen laka da ciyawa masu rufin jinka, wasu sun shekara ɗaruruwa, attajirai na rububin saye. In Bature ya kwana a ɗakin ƙasa sai a ce ya san tarihi, in Bahaushe ne a ce Allah ya yaye masa.

Su Turawan kuma sun daɗe suna zuwa kallon namu. Hanns Vischer, Ɗan Hausa, wanda ya buɗe makarantar boko a Nassarawa ta Kano a 1909, a gidan ƙasa ya zauna, gidan yana nan da sunansa. A baje-kolin daular Birtaniya na 1924 a Wembley, ganuwa irin ta Kano aka kwaikwaya don mutanen Landan su biya kuɗi su shiga kallo. A tsakiyar shekarun 1950 wata babbar makarantar zanen gine-gine a Landan ta buɗe sashe guda don koyar da yadda ake gini a ƙasashe masu zafi: inuwa, iska, da inda ya kamata taga ta fuskanta, abubuwan da tsohon magininmu ya gada ba tare da biza ba. Zbigniew Dmochowski, mutumin Polan, ya shafe shekaru yana auna gine-ginen gargajiya na Nijeriya, har da soraye da zaurukan Arewa, aka buga aikinsa juzu'i uku a 1990. J. C. Moughtin ya wallafa littafi a kan ginin Hausa a 1985, a Landan ɗin nan dai. Da Injiniya ya leƙa laburare, da ya tarar da Zariya tana jiransa a kan kanta.

Kuma ga wani abu da ba a gaya masa ba lokacin da yake ɗaukar hoto a gindin agogon Big Ben. Majalisar dokokin Birtaniya ta ƙone a 1834, daga nan aka sake gina wadda ake gani yanzu, agogon ya fara aiki a 1859. A 1834 ɗin ne Abdulkarimu ya hau gadon Zazzau, kuma a zamaninsa Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya da tubali da azara, da bakan gizo da ɗaurin guga waɗanda har yau malaman zane ke jinjina wa. Gine-ginen biyu tsara ne. Ɗaya yaronmu ya san tsawon hasumiyar agogonsa, mita 96, yana faɗa ba gargada. Ɗayan kuwa, ko kwafinsa da aka gina a gidan tarihi na Jos bai taɓa zuwa gani ba, alhali sashen koyon zanen gine-gine na Zariya shi ne mafi daɗewa a Nijeriya, ya girmi ita kanta Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa a 1962.

Kada a ce na ɗora wa yaro laifi shi kaɗai. Ginin ƙasa yana da wahalarsa: yana son yaɓe kafin kowace damina, giginyar da ake tsaga azara ta yi ƙaranci, masu sanin haɗa makuba suna ƙarewa. Mun ga abin da ya faru a Agustan 2023, da wani sashen masallacin Zariya ya rufta a kan masallata, Allah ya jiƙansu da rahama. Su Turawa suna da rajistar tsofaffin gine-gine, ko taga ba ka canzawa sai da izinin hukuma, kuma akwai masu sana'ar gyara su. Wannan ce tsarabar da ta kamata, ita ce kuma ba ta shiga akwati ba. Sannan mu mutanen gari mu ne muka kunna wutar. In an zo neman aure, kafin a tambayi halin yaro sai an tambaya a asirce, "Gidan nasu na bulo ne ko na ƙasa?" Wanda ya yi rufin da ya fi na maƙwabcinsa tsini shi ne ya ci gaba, ko da bashin kwano zai bi shi har kabari.

Shi ya sa da gidan Alhaji ya kammala, ba wanda ya tambayi inda iyalinsa suke kwana. Bututun nan aka gani. Yanzu haka gidaje uku a layin sun ɗora nasu, ba murhu a ƙasa, ba rami a ciki, bulo ne kawai aka jera aka shafe da fenti. Birkiloli sun sa shi cikin lissafi, suna tambaya tun a wurin ciniki, "Yallaɓai, da na Landan ko babu?" Wani maƙwabci mai mata biyu ya ce a yi masa guda biyu, tsawo ɗaya, faɗi ɗaya, don ba ya son a kai shi gaban alƙali a kan rashin adalci.