Man Giya, Ɗan Bora

Mai Hilux ba ya wasa da juyen baƙin mai. Amma tambaye shi yaushe rabon da a duba man giya da na aksil, sai ya ce ai tun daga Japan aka zuba, kuma Japanawa ba sa algus.

Mota mai jan ƙafa huɗu aksil biyu gare ta, gaba da baya, kowanne da mansa, kuma a hanyoyinmu bai kamata ya wuce kilomita 40,000 ba. In an kutsa rafi da damina, ruwa kan shiga ta ƙofar iska, man ya koma fari-fari. Ranar nan ba a ƙirga kilomita.

Aksil na ta kuka, Alhaji na ƙara wa rediyo murya.