Mutanen da za ka tarar a kan dutsen Catbells

A Yankin Tafkuna na arewa maso yammacin Ingila, duk ɗan koyon hawan dutse Catbells ake nuna masa. Tsayinsa mita 451 ne kacal, a bakin tafkin Derwentwater. Daga garin Keswick jirgin ruwa zai sauke ka a Hawse End, sauran kuma aikin ƙafa ne. Tafiyar ba ta da yawa, amma ta isa ta tona halin kowa.

Tun a gindin dutsen za ka ga Sarkin Kaya. Sanduna biyu, igiya, tocila a goshi da rana tsaka, ga jaka kamar ta ɗan koli. Scafell Pike ma, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Ingila, bai kai mita dubu ba, amma shi gogan shirin Everest ya yi. Shi ne yake fara zama yana haki.

Baban Saura-Kaɗan kuwa dutsen da kansa ke taya shi ƙarya. Catbells na da tudun farko wanda za ka rantse shi ne ƙololuwa, sai ka hau ka hango na gaske can gaba. "Baba, mun iso?" "Saura kaɗan, ga shi nan!" Tun daga bakin ruwa yake faɗin haka. Autan ya koma wuyansa, babbar ta zauna a kan ciyawa ta ce nan za ta kwana, uwargida kuma ta yi shiru, irin shirun da sai an shiga mota za a ji fassararsa.

Malam Lissafi almajirin Alfred Wainwright ne, mutumin da ya zana duwatsu 214 na yankin a littattafai bakwai tsakanin 1955 da 1966. Yana taka ƙololuwa zai zaro ɗan littafi ya yi maki, ya juya. Tambaye shi launin tafkin, bai gani ba.

Mai hoto ita ce ke tare hanya daidai inda sai an dafa dutse da hannu, mutum goma na jira a bayanta, tana lallashin tunkiyar Herdwick ta kalli waya. Mai silifas kuma ya ga rana da safe ya yarda da ita, alhali Seathwaite, ƙauyen da ya yi suna wajen ruwan sama a duk Ingila, yana nan kusa a kwarin Borrowdale.

Sai Kaka. Tsohuwar rigar ruwa, takalmi mai tauri, shayi a filas. Ba ta sauri, ba ta tsayawa, kowa ta wuce sai ta gaishe shi. Kafin Sarkin Kaya ya gama gyara madaurin jaka, ta zauna a sama tana kurɓar shayi tana kallon dutsen Skiddaw. In ka je, bi bayanta, kuma kada ka manta rigar ruwa.