Ajina yana Ingila, ni ina Ƙaura

Bayan na gama kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke garinmu Ƙaura Namoda, sai kwaɗayin ƙaro karatu a waje ya kama ni. Wata jami'a a Ingila ta ce sai na goge Turancina tukuna, kuma daga gida zan yi, ta intanet. A watan Agustan 2021 na shiga aji ta Zoom da 'yan Sin da Turkiyya da Barazil, ni kaɗai ne baƙin mutum, ni kaɗai ne kuma zakara ke cara a bayana.

Dokar malamarmu ita ce kowa ya kunna kyamara. Ranar nan Inna ta shigo ɗaukar tabarma, ta leƙa wayata, ta ga Baturiya kai ba ɗankwali tana yi mini murmushi. Ta dafa ƙirji.

"Wagga fa? Ita ta hana ka zuwa masallaci kan lokaci?"

Na ce, "Inna, malamarmu ce."

"To, malama ba a gaishe ta?"

Kafin in toshe sauti, Inna ta durƙusa gaban waya ta jero gaisuwa: ina kwana, ina gajiya, yaya maigida, yaya yara, yaya ruwa. Malama tana ta ɗaga hannu tana dariya. Inna ta fita tana cewa matar na da fara'a, amma ba ta iya amsa gaisuwa ba. Kawu kuwa, da ya zo daga Shinkafi, cewa ya yi in tambayar masa kuɗin rago a can, don ya ji an ce Turawa ba sa tayi.

Duk wannan wasa ne. A farkon Satumba aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, aka hana cin kasuwannin mako, har ta Shinkafi mai ci ranar Alhamis, aka hana sayar da fetur a jarka. Wayata ta koma tocila. Wani ɗan gwaggona daga Zurmi ya ce in zo mu tafi Gurbin Ɓore, bakin iyaka, wai in ka hau tudu kana kama layin Nijar. Inna ta ce in dai ita ta haife ni, ba inda za ni. In Turanci sai an hau tudun Gurbin Ɓore, a bar wa Turawa abinsu.

Sai na bi ayarin masu zuwa Funtuwa buga waya. Ban daɗe da sabawa ba aka yanke na Funtuwar ma, da wasu ƙananan hukumomin Katsina. Na wuce Zariya, na raɓe ɗakin wani abokina a Samaru, na rubuta wa malama doguwar wasiƙa ina bayanin abin da ya ɓatar da ni. Ta amsa da tausayi, sannan ta ba ni shawara in gwada kashe na'urar intanet ta gidanmu in sake kunnawa. Na karanta wa abokina, ya yi dariya har shayi ya sarƙe shi.

Da aka mayar da layi a Gusau ranar 1 ga Oktoba, sai na dawo gida. Ranar aji in shiga mota daga Ƙaura zuwa Gusau, in zauna a rumfar wani mai cajin waya, injin na ruri, in yi darasin ƙarfe huɗu, in kama motar ƙarshe, don ba mai son magariba ta riske shi a wannan hanya.

Farkon Nuwamba na zo, na biya kuɗin caji, na shiga aji ƙarfe huɗu daidai. Ba kowa. Ko wani ɗan Sin da ke riga malama zuwa babu shi. Na ce shi ke nan, an kore ni saboda fashi. Ina cikin shirya kalaman ban haƙuri, mai caji yana ba ni baki, sai ga su sun ɓullo ƙarfe biyar, kowa da kofinsa. Ashe ranar 31 ga Oktoba mutanen Ingila sun mayar da agogonsu baya da awa guda, kamar yadda suke yi kowace shekara in sanyi ya gabato. Ƙasa guda ta haɗa baki ta murɗa agogo, ba wanda ya yi mini cigiya!

Kafin a tashi, motar Ƙaura ta daɗe da tafiya. Na kwana a benci a tasha, sauro na ta cizo, Inna kuwa ba halin in kira ta, sai saƙon baka da na ba wani direba da asuba.

Don haka duk ɗan Ƙaura, Shinkafi ko Zurmi da zai shiga irin wannan aji, ya riƙe Lahadin ƙarshe ta Maris da ta Oktoba, ranakun ne suke taɓa agogo. Kuma ya sa wa ƙofar ɗakinsa sakata kafin ya kunna kyamara.